Amfani da Manhajar Auna Fahimta Wajen Koyar da Lissafi da Fiziks a Makarantun Sakandare: Nazari a kan Ƙasar Mai'aduwa

1.0 GABATARWA

A Nijeriya kwamfuta ta riga ta shiga ɗakin jarrabawa tun kafin ta shiga ajin da ake koyar da masu zama jarrabawar. Hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, watau JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada yin jarrabawa da kwamfuta a 2013, sa'an nan a 2015 ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Hukumar WAEC ta bi sahu a farkon 2024, lokacin da ta fara yi wa masu zama jarrabawa daga waje tasu jarrabawar da kwamfuta. A 2025 kuma Ministan Ilmi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta ɗungurungum a 2026, ko da yake a watan Nuwamba na 2025 ɗin Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta shirin zuwa 2030, saboda makarantu da yawa, musamman na karkara, ba su shirya ba.

Wannan ya sa da zarar an haɗa kalmar kwamfuta da jarrabawa a garuruwanmu, abin da ke faɗo wa iyaye da shugabannin makarantu shi ne a koya wa yaro danna maɓalli kafin ranar JAMB. Wannan bukata ce ta gaskiya, amma ta 'yan kwanaki ce. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna wani amfani da ya fi wannan girma, watau yadda malamin lissafi ko na fiziks zai yi aiki da manhajar auna fahimta ya gano irin kuskuren da kowane ɗalibi ke yi, a makon da ya yi shi, tun ana iya gyarawa. Za mu fara da bayyana kalmomi, sa'an nan mu duba halin da malami ke ciki a Mai'aduwa, da yadda manhajar ke aiki, da abin da bincike ya nuna, da tsarin da zai dace da wurin, da kuma iyakokin abin.

2.0 MA'ANAR KALMOMI

Malaman ilmi sun saba da kalmar manhaja da ma'anar tsarin darussan da aka shata wa makaranta. A yau kalmar ta sami ma'ana ta biyu, watau shirin da ake ɗora wa kwamfuta ko waya domin ta gudanar da wani aiki. A wannan takarda ma'ana ta biyu ake nufi, inda kuwa aka nufi ta farko za a ce manhajar karatu. Manhajar auna fahimta ita ce wadda ke gabatar wa ɗalibi tambaya, ta karɓi amsarsa, ta duba, ta mayar masa da bayani nan take, ta kuma ajiye wa malami rahoto.

Auna fahimta kuwa iri biyu ne. Akwai awon tacewa, wanda ake yi a ƙarshen karatu domin a san wanda ya ci da wanda ya faɗi, kamar jarrabawar WAEC. Akwai kuma awon gyara, wanda ake yi karatu yana cikin tafiya domin malami da ɗalibi su san inda aka kauce. Manomin da ya ƙirga dammansa da kaka ya san abin da ya samu, sai dai ba shi da sauran abin yi a kai. Wanda ya zagaya gonarsa bayan noman fari ya ga inda gero ya yi rawaya, shi ne ke da damar kai taki. Tsarin Ilmi na Ƙasa na 1977, wanda aka sabunta a 1981, da tsarin 6-3-3-4 da ya biyo baya, sun ɗora muhimmanci a kan gwajin a-kai-a-kai saboda wannan dalili. Amma a makarantu da dama abin ya taƙaita ga gwaji ɗaya ko biyu a zango, a cika maki a takarda, ba tare da ɗalibi ya san abin da ya kayar da shi ba.

3.0 HALIN DA MALAMI KE CIKI A MAI'ADUWA

Mai'aduwa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar da ke ƙarƙashin Masarautar Daura a Jihar Katsina, sauran su ne Daura da Baure da Zango da Sandamu. Tana iyaka da Jamhuriyar Nijar ta wajen Kwangwalam, ta kuma shahara da kasuwar dabbobi da ke ci ranar Lahadi. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura dubu ɗari biyu. A 2019 an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, a watan Disamba na shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a can. Duk wanda ke son karatun injiniya a ɗaya daga cikinsu sai ya ci lissafi da fiziks a jarrabawar gama sakandare. Ke nan in waɗannan darussa biyu suka ci gaba da kayar da 'ya'yan wannan yanki, makarantun da aka gina a ƙofar gidansu za su cika da 'ya'yan wasu, su kuwa suna kallo.

Tsarin Ilmi na Ƙasa ya ƙayyade ɗalibai 40 ga malami ɗaya a ajin sakandare, amma duk wanda ya saba zagayen duba masu koyon aikin malanta a makarantun gwamnati ya san ajin da ya tsaya a 40 abin nema ne. Bari mu yi ɗan lissafi. A ɗauka malami yana da azuzuwa huɗu, kowane da ɗalibai 60, watau 240 ke nan. In ya ba su tambayoyi goma a mako, amsoshi 2,400 ne ke jiran jan birinsa. Ko da rabin minti kawai zai ba kowace amsa, zai ci minti 1,200, watau sa'o'i 20, ban da shiga aji da shirya darasi. Ba malamin da zai iya wannan mako bayan mako. Abin da ke faruwa shi ne ko dai a daina ba da aiki, ko ɗalibai su yi musayar littattafai su duba wa juna, ko kuwa littafi ya dawo bayan mako biyu an riga an wuce babin.

Illar wannan jinkiri ta fi tsanani a lissafi da fiziks, domin darussa ne da ake ɗora wani bisa wani kamar jeren tubali. Yaron da ya tashi daga ƙaramar sakandare yana tara 1/2 da 1/3 ya sami 2/5, zai iso babbar sakandare ya tarar da ƙa'idar madubi da gilashin haske, 1/f = 1/u + 1/v, ya faɗi, ya kuma faɗi a lissafin wayoyin lantarki da aka jera kafaɗa da kafaɗa. Malamin fiziks zai ɗauka yaron bai gane haske da lantarki ba ne, alhali ciwon yana can baya shekaru uku.

4.0 ASALIN MANHAJOJIN DA IRE-IRENSU

Tunanin na'urar da za ta duba amsa nan take ya daɗe. Tun a shekarun 1920 Sidney Pressey na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ya ƙera wata na'ura da ba ta wucewa zuwa tambaya ta gaba sai ɗalibi ya danna amsar daidai. B. F. Skinner ya farfaɗo da tunanin a shekarun 1950, a 1960 kuma Jami'ar Illinois ta fara shirin PLATO na koyarwa da kwamfuta. A 1992 Jami'ar Jihar Michigan ta fito da CAPA, mai ba kowane ɗalibi tambaya iri ɗaya da alƙaluma daban. WeBWorK ta biyo baya daga Jami'ar Rochester a tsakiyar shekarun 1990. A 2002 Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar da Moodle, wadda a kanta ne ake ɗora STACK, manhajar da Chris Sangwin ya fara a Jami'ar Birmingham domin duba amsoshin aljabara. Jami'ar Newcastle a Ingila ita ma ta samar da Numbas. A Afirka, Jami'ar Maseno da ke Kenya ta yi amfani da STACK wajen ba da aikin mako-mako a azuzuwan lissafi masu ɗaruruwan ɗalibai. Moodle da STACK da WeBWorK da Numbas duk kyauta ne, ba a biyan kuɗin lasisi.

Ta fuskar irin amsar da suke iya dubawa, za a iya kasa manhajojin gida uku. Na farko su ne masu duba tambayoyin zaɓi, waɗanda ake kira canki-canka, irin na JAMB da na Google Forms. Na biyu su ne masu karɓar lamba da ɗalibi ya rubuta da kansa, su duba ta tare da ma'auninta, su kuma yi sassauci in bambancin na taƙaita lamba ne kawai. Na uku su ne masu karɓar jimlar aljabara su gwada ta da ƙa'idojin lissafi. Gida na biyu da na uku su ne suka fi amfani ga malamin lissafi da fiziks, domin a cikinsu ba a kai wa ga amsa da sa'a. A tambayoyin zaɓi masu amsa huɗu, wanda ya rufe ido ya yi ta dannawa yana iya samun kamar 10 cikin 40.

5.0 YADDA AKE GINA TAMBAYA

Sirrin aikin yana ga abin da malami ya tanada wa amsar da ba daidai ba. Kafin ya saki tambaya, sai ya zauna ya lissafa kurakuran da ya san ɗalibai na yi, ya fitar da amsar da kowane kuskure zai haifar, ya rubuta wa kowace bayanin gyara. Ga misalai uku.

5.1 Riba a kasuwa

A ɗauka wani ya sayi rago a kasuwar Mai'aduwa a kan naira 80,000, ya sayar a kan naira 100,000, aka tambayi ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari. Amsa ita ce 25. Wanda ya rubuta 20 ya raba ribar da kuɗin sayarwa ne maimakon kuɗin saye. Wanda ya rubuta 20,000 ya sami ribar, bai mayar da ita kashi cikin ɗari ba. Wanda ya rubuta 125 ya raba kuɗin sayarwa da na saye bai cire uwar kuɗi ba. Jan biro zai yi wa duka ukun giciye iri ɗaya, manhaja kuwa za ta gaya wa kowa nasa. Bugu da ƙari, na kusa da shi zai ga naira 90,000 da naira 108,000 a tasa tambayar, amsarsa kuma 20 ce, saboda haka leƙen littafin maƙwabci ba ya fitar da kowa.

5.2 Aljabara

A ce an bukaci ɗalibi ya warware (x + 3)². Amsa ita ce x² + 6x + 9. In ya rubuta 9 + 6x + x², manhaja irin STACK za ta gane amsa ɗaya ce aka sauya wa jeri, ta ba shi makinsa. In ya rubuta x² + 9, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa, za ta nemi ya sa 1 a madadin x ya gwada, ya ga cewa tambayar ta ba da 16 amma tasa amsar ta ba da 10. In ya rubuta (x + 3)(x + 3), za ta ce masa abin da ya rubuta gaskiya ne, sai dai bai warware ba tukuna.

5.3 Dutse a rijiya

An saki dutse daga bakin rijiya, ya ɗauki daƙiƙa 3 kafin ya taɓa ruwa. In an ɗauki g a matsayin 10, aka kuma yi watsi da tasirin iska, zurfin rijiyar zuwa ruwa mita nawa ne? Ƙa'idar ita ce h = ½gt², amsa kuwa mita 45. Mai 90 ya manta da rabin. Mai 15 bai ninka lokacin a kan kansa ba. Mai 30 ya lissafa gudun dutsen ne a daidai lokacin da ya isa ruwa, watau ya cakuɗa gudu da nisa. Mai 45 ba tare da mita ba sai a tuna masa cewa a fiziks lamba ba ta tafiya ba ma'auni.

A nan akwai tarko da ya kamata a lura da shi. In aka bar manhaja ta zaɓi lokacin da kanta, ta zaɓi daƙiƙa 2, to ½gt² zai ba da 20, gt ma zai ba da 20. Ɗalibin da ya bi hanyar da ba ita ba zai sami cikakken maki, ya tashi yana ganin ya iya. In ta zaɓi daƙiƙa 1, wanda ya ninka lokacin da wanda bai ninka ba duk 5 za su samu. Saboda haka wajibi ne malami ya hana ta waɗannan lambobi biyu. Kwamfuta ba ta san wannan ba, wanda ya san darasin ne ya sani.

5.4 Rahoton malami

Bayan gwaji, manhaja za ta jera wa malami yawan waɗanda suka ba da kowace amsa. In ya ga rabin aji sun rubuta 30 a tambayar rijiya, ya san da abin da zai buɗe darasin gobe, watau bambancin gudu da nisa. In mutum huɗu ne kawai, sai ya kira su gefe. In kuma ya ga tambayar da haziƙan aji suka fi faɗi a kanta fiye da raunana, to tambayar ce ke da matsala, sai a sake ta.

Tambayoyin zaɓi ma suna da wurinsu in an gina su a kan ruɗanin da aka san ɗalibai na da shi. A 1992 David Hestenes da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji a kan fahimtar ƙarfi da motsi, wanda amsoshinsa na yaudara aka ɗebo su daga tunanin ɗalibai na yau da kullum, kamar ɗaukar cewa dutsen da aka jefa sama yana ɗauke da ragowar ƙarfin hannu a cikinsa har ya ƙare. Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya yi wa ɗalibansa irin wannan gwaji a farkon shekarun 1990, ya tarar da yawa suna iya lissafin amma ba su fahimci ma'anarsa ba, abin da ya sa ya sauya salon koyarwarsa.

6.0 ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A 1998 Paul Black da Dylan Wiliam sun yi bitar ayyukan bincike kimanin 250, suka kammala da cewa awon gyara yana ɗaga sakamakon ɗalibai, musamman raunana. A 2016 Jeremy Roschelle da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin manhajar ASSISTments a makarantu 43 na Jihar Maine a Amurka, da ɗalibai 2,850 'yan aji bakwai. Waɗanda suka yi aikin gida da manhajar sun fi takwarorinsu ci a jarrabawar ƙarshen shekara, waɗanda suka fara da rauni kuma su ne suka fi amfana. Abin lura shi ne an horar da malaman yadda za su karanta rahoto su gyara darasi, kuma jihar tana ba kowane ɗan wannan aji kwamfuta. A birnin Delhi na Indiya, binciken Karthik Muralidharan da abokansa da aka wallafa a 2019 ya nuna ci gaba mai yawa a lissafi cikin wata huɗu da rabi ga yaran da suka yi aiki da manhajar Mindspark, wadda ke komawa da kowane yaro matakin da yake na gaskiya.

A ɗaya ɓangaren, ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare na karkara kwamfutoci a ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Binciken da aka yi a makarantu 319 bayan wata 15 bai ga wani ƙarin ci a lissafi ko harshe ba. In aka haɗa waɗannan sakamako, darasin a fili yake. Inda aka sami amfani, an haɗa na'ura da tambayoyi masu kyau da malamin da ke aiki da abin da suka nuna. Inda aka raba na'ura aka juya baya, kuɗi ne suka tafi.

7.0 TSARIN DA ZAI DACE DA MAI'ADUWA

Mai'aduwa ba Maine ba ce, don haka tilas a yanka rigar daidai jikin mai ita. Abubuwa huɗu ne za a yi la'akari da su.

Na farko, intanet. Tsarin da ya dogara ga layin waya a kowane darasi ba zai ɗore ba, ga tsadar data, ga yankewar sabis. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, kuma ko da yake Mai'aduwa ba ta cikinsu, abin ya isa ishara. Mafita ita ce a ajiye uwar kwamfuta ɗaya a makaranta, ta riƙe tambayoyin, sauran na'urori su haɗu da ita ta wayarles a cikin ɗaki. Kolibri an gina ta ne domin wuraren da ba intanet, MoodleBox tana ɗora Moodle a kan ƙaramar na'urar Raspberry Pi, tambayoyin Numbas kuwa suna iya aiki a kan kwamfuta ɗaya ba tare da haɗi ba. Sai lokaci-lokaci a nemi intanet a sauko da sababbin tambayoyi.

Na biyu, wuta. In an ɗauka kowace kwamfutar tafi-da-gidanka tana cin wat 50, guda 20 za su ci wat 1,000, aikin sa'o'i huɗu a rana kuma kilowat-awa 4 ke nan. Wannan abu ne da farantan sola da batura za su ɗauka a ƙasar da rana ba ta yi mata rowa. Abin da ake yawan mantawa shi ne kuɗin canza batir, da share ƙura lokacin hunturu, da kare na'urori daga zafin bazara.

Na uku, yawan na'urori da lokaci. Aji mai 60 da na'urori 20 ana iya kasa shi uku, kowane rukuni ya sami minti 25 a cikin darasi mai ninki biyu na minti 80, sau ɗaya a mako. Ƙa'idar ita ce aiki a littafi, amsa a kwamfuta, domin malami ya sami abin dubawa in amsa ta ɗaure masa kai. Kada a mayar da abin aikin gida ta waya, domin yaron ƙauye da ɗiya mace su ne za a bari a baya, kasancewar ba su cika mallakar babbar waya ba. Shirin AGILE na ilmin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, Katsina kuma tana cikin jihohi bakwai na farko, ya ƙunshi koyar da ilmin na'ura. Inda irin wannan shiri ya kai kayan aiki, ana iya ɗora wannan tsari a kansu.

Na huɗu, harshe. Tambaya ta zo da Turanci kamar yadda za ta zo a jarrabawa, amma ba abin da ya hana a rubuta bayanin gyara da Turanci da Hausa tare. Sau da yawa abin da ya kayar da yaro kalma ɗaya ce a cikin tambaya, lissafin kuwa ya iya shi.

8.0 IYAKOKIN ABIN

Manhaja tana ganin amsa, ba ta ganin hanyar da aka bi sai abin da malami ya hango tun farko. Ba za ta duba hujjar da aka kafa mataki-mataki ba, ko zanen kusurwa da kamfas, ko giraf da aka ja da hannu, alhali duk suna cikin jarrabawar WAEC da NECO. Haka nan takardar gwaji a aikace ta fiziks tana bukatar hannun da ya taɓa riƙe agogon auna lilo, ya jera fil a gaban gilashi, ya haɗa waya da batir. Kwaikwayon gwaje-gwaje na PhET, wanda Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, yana taimakawa wajen fahimta, amma ba ya maye gurbin ɗakin gwaji.

Sa'an nan akwai satar amsa. Manhajoji irin Photomath suna warware lissafi daga hoto, ChatGPT kuma ta fito a ƙarshen 2022. Maganin wannan shi ne a yi gwajin a makaranta, a kuma rage nauyin makinsa, a bar ɗalibi ya sake gwadawa da sababbin alƙaluma har ya iya. In maki ba shi da yawa, ba riba a sata.

Har wa yau, na'ura tana kuskure. A jarrabawar JAMB ta 2025 matsalar manhaja ta shafi 'yan takara 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, har shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa laifi, aka sake musu jarrabawa. In hakan ta faru ga hukuma mai ma'aikata da kuɗi, to ƙaramar makaranta ta fi bukatar malami ya riƙa duba sakamako da idonsa kafin ya shigar da shi rajista. Daɗin daɗawa, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su, sunayen yara da makinsu kuwa suna ciki.

9.0 SHAWARWARI

(a) Kwalejojin ilmi su sa rubuta irin waɗannan tambayoyi cikin darasin dabarun koyarwa. Kowane ɗalibin lissafi ko fiziks ya tattaro kurakuran gaske daga littattafan yara lokacin koyon aikin malanta, ya gina tambayoyi 20 a kansu tare da bayanin gyara.

(b) Malaman ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura su haɗa rumbun tambayoyi ɗaya bisa manhajar karatu, tare da gudummawar ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN da ta malaman lissafi ta MAN, domin kada kowa ya fara daga tushe.

(c) A fara da makaranta ɗaya, aji ɗaya, zango ɗaya. A yi gwaji kafin a fara da bayan an gama, a kwatanta da ajin da bai shiga ba, a kawo sakamakon gaban taro irin wannan, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

(d) Duk wanda zai ba makaranta kwamfutoci, gwamnati ce ko ɗan siyasa ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ya ware kaso na horar da malamai da gyaran kaya tun a kasafin farko.

10.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa babbar matsalar malamin lissafi da fiziks a wuri irin Mai'aduwa ita ce yawan ɗalibai ya hana shi ganin kuskuren kowannensu a kan kari, kuma manhajar auna fahimta tana iya ɗauke masa wannan nauyi in an gina tambayoyinta a kan kurakuran da aka sani, aka kuma tsara ta daidai da wuta da intanet da lokacin da ake da su. Sanin danna maɓalli zai zo da kansa ga yaron da ya shekara uku yana amsa tambayoyi a kwamfuta kowane mako, ba sai an fafe gora ranar tafiya ba. Abin da ba zai zo da kansa ba shi ne malamin da ya san dalilin da ya sa yaro ya rubuta 30 maimakon 45, ya kuma san abin da zai ce masa. Samar da wannan malami aikin kwalejojinmu ne, kuma ana iya fara shi da alli da takarda tun kafin na'ura ta farko ta iso.